Makokin da Na Yi wa Mai Rai

Jidda, Talata da hantsi.

Ummi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah Ya sa lokacin da za ki tsinci takardar nan a aljihun jakarki jirgi ya riga ya sauka lafiya, akwatunanki sun fito cif, sanyin ƙasar bai fara da ke ba. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya haɗa ki da mutanen kirki, Ya raba ki da masu yawan murmushi babu dalili.

Da gangan na rubuta da Hausa. Na san Larabci ya fi miki sauƙi, don Hausarki irin ta 'ya'yan Jidda ce, kunne ya ƙoshi, baki na jin yunwa. Amma kakanki bai tura ni Katsina shekara goma don in dawo ina yi wa 'yata nasiha da harshen maƙwabta ba. Ki karanta a hankali. Inda ya shige miki duhu ki maimaita, takarda ba ta gudu.

Nasihar salla da karatu da kamun kai, Ummanku ta fara ta tun watan jiya, kuma na tabbata za ta ƙarasa a filin jirgi. Ba ta rage min komai ba sai kurakuraina, su kuwa Allah Ya sa musu albarka. Duk a kan mutum ɗaya na tafka su: Baffanki Isma'ila, yayana, ɗan farin Hajja. Ina ɗan shekara biyar ya hau jirgin kaya a tashar nan tamu, ya aiko wasiƙa biyu daga Amurka, daga nan ɗif. Ke a mamaci kika san shi, don ke kika raba dabino ranar makokinsa. To gyara zama. Ina da dalilin zaton yana nan da ransa, a wani gari na bakin teku, tafiyar awa uku a bas daga makarantarku. Sunan garin da na titin suna bayan takardar nan. Hajja kuwa ta doshi casa'in, kin kuma ga yadda take tashi daga kan darduma yanzu. Aikin da zan ba ki ke nan: ki gano min ko shi ne, tun tana iya gane murya.

Kuskurena na farko, na ɗauka Hajja ba ta damu da shi ba. Na tashi ban taɓa jin sunansa a bakinta ba. In ta kama dole sai ta ce “wancan”. Maƙwabciyarmu Balarabiya ta yi shekara arba'in tana kiranta Ummu Isma'il, yadda suke kiran mace da sunan ɗanta na fari, Hajja kuma ta yi shekara arba'in tana amsawa da tari. Ni da na karanta littattafai har ido ya nemi tabarau, wannan ɗan karatun ya gagare ni. Na ce tsohuwa ta manta. Sai da furfura ta fara leƙowa na lura cewa duk ranar da na dawo daga aiki a tashar jiragen ruwa, tambayarta ɗaya ce: “Yau jiragen ina suka shigo?” Hajja ba ta da kwantena a teku, ko buhun gishiri ba ta taɓa yin oda ba. Kunyar ɗan fari ce ta tsare mata tambayar da take so, sai ta riƙa tambayar jirgi. Don haka in kin shiga bin tarihin mutane, ki fi sa kunne ga abin da suke zagayewa. Abin da suke faɗa da ƙarfi, kowa ma ya ji.

Da na farga, maimakon in nufi tsofaffi, sai na nufi kwamfuta. Amurkawa suna da wata ɗabi'a, ba sa zubar da takarda. Wanda ya sauka daga jirgi an rubuta shi, wanda ya yi aure an rubuta, wanda ya sayi gida, wanda ya mutu, ina jin har wanda karensa ya ciji maƙwabci. Mu kuwa a ka muke ajiye asali, shi ya sa duk Bahaushen da kika bi kakanninsa bakwai, ko dai ki ɓulla a Bagadaza ko a gidan sarauta. Ban taɓa jin wanda ya ce kakansa na bakwai ɓarawon akuya ba ne, alhali akuyoyi sun yi ta ɓata. Shekara uku ina buga Isma'ila Haruna, sunansa da na mahaifinmu, a kowane rumbun takardu da na samu hanyarsa. Har na kai ga tofa yawu a ɗan kwalba, na ba abokina Dokta Kabiru, likitan nan ɗan Najeriya da ke aikin kwantiragi, ya tafi da shi taro Amurka don a auna ko zan haɗu da dangi. Bayan wata biyu sakamako ya zo: wai ni mutumin Afirka ta Yamma ne. Na kai wa Hajja labari da zumuɗi. Ta dube ni ta ce, “Yawunka ka aika har Amurka a gaya maka kai baƙi ne? Da ka zo na ara maka madubi.”

Daga nan na faɗa hannun littattafan tarihin gari. Kusan kowace gunduma a can tana da wani ƙaton littafi mai ɗauke da labarin manyan mutanenta. Ki yi hattara da su. Kowa a ciki da riga ɗaya ya iso, ya yi aiki ba hutu, bai taɓa ƙarya ba, matarsa kuma ba ta taɓa ɗaga murya ba. Daga baya na fahimci da yawa masu labarin ne ke biya a saka su. Wato roƙo ne aka yi wa bango mai kauri, bambancinsu da maroƙanmu kawai su ba sa ɗaukar kalangu. A cikin irin wannan littafi na ci karo da wani Isma'il Harun. Ya zo a jirgin ruwa yana saurayi, ya yi dako a tasha, ya buɗe shago, shago ya haifi shaguna, a ƙarshe ya gina masallaci. Ina ganin masallaci hankalina ya yi gaba ya bar ni. Littafin ya ce daga ƙetaren teku ya zo, na ce ai Jidda ma ƙetaren teku ce. Gaskiyar magana, yaya mai masallaci nake so, don in riƙa jefa shi cikin hira a unguwar Bab Makka. Ummi, duk ranar da kika tono kakan da ya yi miki daɗi da yawa, ki koma ki sake tonawa.

Sai na nemo sanarwar rasuwarsa a jaridar garin. Babu hoto, ni kuma ban nemi hoto ba. Sauran kin gani da idonki. Kwana uku, kujeru jere a titi, gahawa da dabino, shinkafa da naman rago. Hausawan Sudan sun zo, 'yan Najeriya sun zo, har kafilina, Balaraben da ya tsaya min a takardar zama, ya zo ya rungume ni yana min ta'aziyya. Na fassara sanarwar da Hausa mai kyau, na tashi tsaye na karanta da ƙarfi don mata su ji daga ciki: yadda ya gina masallaci, yadda yake son jikokinsa, yadda duk Asabar yake fita kamun kifi ya soya da kansa ya ci ya raba wa maƙwabta. Maza suka yi ta kabbara. Hajja kuwa aka ce faranti biyu ta cinye, ko ɗigon hawaye babu. Mata suka yi ta cewa irin wannan kunya da tawakkali sai mutanen da.

Da aka watse na rubuta wa ɗan mamacin ta'aziyya, a matsayina na baffansa. Yaron kirki ne, ya amsa, har da hoton iyali. Ummi, mutumin fari ne sol, idonsa kamar na mage, daga wasu duwatsu na gabashin Turai. Na daɗe ina juya hoton ko zan ga hancin gidanmu. Ɗan ya ce bai gane dangantakarmu ba, amma da ya ji mutane a ƙofar Makka sun yi kwana uku suna yi wa mahaifinsa addu'a, sai da ya yi kuka. To, addu'a dai ba ta faɗi ƙasa banza ba, Allah Ya kai masa. Amma ki riƙe wannan: suna ba hujja ba ne. Isma'ilai sun yi yawa a duniya. Sai kin ga garin haihuwa, kin ga sunan uwa, kin ga fuska. Kada ki kashe kowa sai da shaidu.

Yanzu ga mafi muni. Na yi shiru. Shekara huɗu. Na kashe mutum a gaban unguwa da kujerun haya, ta wace ƙofa zan dawo in ce a yi haƙuri, Bature muka yi wa? Ummanku kaɗai na gaya wa, ita kuma ta adana shi kamar gwal. Duk lokacin da muka yi saɓani na fara cin galaba, sai ta ɗaga kai sama ta ce, “Allah Ya jiƙan Bature.” Nan take shari'a ta ƙare. Ki koya daga nan: kuskuren da aka faɗa da safe labari ne na dariya, wanda aka ɓoye kuwa ubangida yake zama, har da maƙwabcin ɗaki.

Wanda ya warware min ƙullin bai taɓa taɓa kwamfuta ba. Bara na je ɗinkin Salla wajen Baba Tukur, tsohon telan nan na Bab Makka da ke riƙe allura a leɓe yana magana. Yana cikin auna ni ya ce, “Nuhu, ni fa tun ranar makokin nan abu ɗaya ke damuna. Yaya aka yi yayanka Ilu ya koma ɗan Haruna a Amurka?”

Na ce, “Baba, ai ɗan Haruna ne.”

“A jini. A takarda ɗan Bashir ne. Ana yaye shi aka ba kawunku Bashir riƙonsa tun a Sudan, ka san ɗan fari ba ya zama gaban uwa. A fasfon Bashir ya shigo ƙasar nan, da sunan Bashir aka yanka masa takardar jirgi. Ni na raka su ofishin.”

Na ce, “Haba Baba! Me ya hana ka faɗa tun ranar?”

“Ka tambaye ni? Kai da ka zo da takardar Turawa kana karantawa kamar huɗuba? Yalla, ɗaga hannu in auna, cikin nan naka ya ƙaru.”

Shekara bakwai ina neman mutum da sunan da bai taɓa ɗauka a aljihu ba, amsar kuwa tana zaune bayan keken ɗinki, tafiyar minti ashirin daga gidanmu, ta ma ci shinkafata har da ƙari. A can ma haka za ki yi. Kafin na'ura, ki nemi tsohon da ya fi kowa daɗewa a sahun gaba na masallaci, da mai aski, da tsohuwar da ke gadin ɗakin karatu.

Da sunan gaskiya, mako guda ya ishe ni. Ba tasa sanarwar na samu ba, ta wata mata ce da ta rasu shekarar da ta wuce. Ga sirrin sanarwar rasuwa, wanda na biya rago kafin na koya: ba don mamaci ake karanta ta ba. Rabin farko yabo ne, ki tsallake. Ki sauka ƙasa, inda suke jera waɗanda aka bari. A nan masu rai suke ɓoye. Matar ta bar miji, Isma'il Bashir, wanda ya yi ritaya daga aikin tashar jiragen ruwa. Ta bar ɗa namiji. Ta bar 'ya mace mai suna irin naki da na Hajja. Ba'amurkiya ba ta tashi haka kawai ta zaɓo wannan suna daga sama ba. Wani ne ya raɗa shi.

Na rubuta wa ɗakin karatun garin. Wata tsohuwa mai aikin sa kai ta amsa, ta tono min shi a tsofaffin littattafan mazauna gari, da titi da lambar gida. Ta ce takardar aurensu tana ofishin gunduma, a ciki za a ga garin haihuwa da sunan uwa, amma sai mutum ya je da ƙafarsa.

Kina zaton na yi hankali? Na zauna na rubuta masa wasiƙa shafi takwas da Turancin da ya fi kowane tsada a kaina. Na buɗe da cewa ni ƙaninsa ne da ya bari yana yaro, ɗan Najeriya mazaunin Saudiyya, kuma akwai maganar gadon mahaifinmu da ke jiransa, ya gaggauta tuntuɓata cikin sirri. Gadon kuwa rediyo ne da buta da rabin fili a Katsina. Shiru. Da na nuna wa Dokta Kabiru kwafin, sai da ya zauna a ƙasa don dariya. Ya ce, “Malam Nuhu, wallahi ko 'yan damfara sun daina rubuta shi da kyau haka. In 'ya'yansa suka fara gani, yanzu tana wajen 'yan sanda.” Ga wayar gidan kuma an yanke. Shi ya sa sai ke.

Ki bi shi daki-daki, kada ki yi irin gaggawata. Ki fara da tsohuwar ɗakin karatu, ki kai mata dabinon da na sa a ƙaramar jaka, ki bar ta ta yi surutu son ranta. Sannan ofishin gunduma. In takardar ta ce Sudan ko Jidda, ta kuma kawo sunan Hajja, sai ki wuce maƙabartar da aka sa matar. Suna da wata al'ada a can: wani lokaci miji da mata dutse ɗaya suke saya, a sassaƙa sunan mai rai tun yana raye, a bar gurbin ranar mutuwarsa fayau. Mutum ya je ziyara ya tarar da sunansa na jiransa, ki ji ƙarfin hali. In kin ga sunansa, ki dubi gurbin. In babu komai, ki yi hamdala ki nufi gidan.

Ki je da rana, ki tafi da ƙawa, kada ki riƙe takarda ko ɗaya a hannu, kada kuma ki ambaci gado ko da wasa. In tsoho ya buɗe, ki yi sallama ki gaishe shi da Hausa. Hausarki ta isa gaisuwa. Fuskarsa za ta gaya miki abin da ofishin gunduma bai sani ba. Kada ki tambaye shi me ya hana shi rubutowa. Wanda ya yi shekara biyu bai aiko ba, kunya ke hana shi a ta uku, daga nan kuma kullum ƙaruwa take. Kin san gidan da ya gado ta, kin kuma ga ƙaninsa.

Jiya bayan la'asar na tattara abin da ya rage min na mutunci na shiga wajen Hajja. Tana ɓare tafarnuwa. Na durƙusa na ce, “Hajja, makokin nan da muka yi, ba shi ba ne.”

Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce, “Na sani.”

“Kin sani?”

“Tun da ka kai wajen kifi. Wancan ko romon kifi ya lasa sai ya kumbura kamar salka. Shi ne zai soya ya ci duk Asabar?”

“To Hajja, me ya sa ba ki yi magana ba?”

“In tashi gaban surukai da maƙwabta in yi zancensa? In kai ba ka da kunya, ni ina da ita. Kuma shinkafar ta yi daɗi.” Ta jefa ɓawo a faranti. “Shekara huɗu ina jira in ga ranar da karatun nan naka zai kai ka ga faɗin gaskiya.”

Na kwashe komai na gaya mata, har zuwanki. Ta ce, “Wa ya aike ta?” Can ta ce, “Ka ce yana da 'ya. Me aka sa mata?” Na ce takwararki ce. Sai ta juya fuska bango, ta ce in kawar da fankar nan, tana hura mata yajin tafarnuwa a ido. Fankar a kashe take, amma na kawar.

Har na kai ƙofa ta kira ni. Ta ce, “Ka gaya wa yarinyar, in ta ga wancan, kada ta kai masa kifi. Ta kuma ce masa likkafanina yana ƙasan akwati, na gaji da sake masa turare.” Saƙon ke nan. Ki isar da shi yadda yake, kada ki sa masa sukari.

In Allah Ya sa shi ne, ki kira wayar Ummanku ta bidiyo a take, kada ki jira ya shirya, shekara hamsin yana shiri. Hajja za ta kawar da kai. Za ta tambaye ki ko kin ci abinci, ta yi faɗa a kan ɗankwalinki, wataƙila ta tambayi jiragen ina suka shigo garin. Kada ki kashe. Ki riƙe wayar saitin fuskarsa ko hannunki zai sage. In kuwa ba shi ba ne, ko kin tarar an cike gurbin dutsen, ki gaya min a ranar, ni ma a ranar zan gaya mata. Na daina ajiye gawa, ta gaske ko ta aro.

Ke ma 'yar fari ce, ga sunan Hajja a kanki, kunya biyu ke nan. Lokacin da kike karanta wannan kin riga kin ga yadda na yi a filin jirgi, ina duba agogo ina faɗa da mai tura kaya, na ce shi ke nan, ki shige kada a rufe ƙofa. Yanzu kin san fassararsa. In na bugo na tambaye ki yaya sanyi, nawa ake sayar da tumatir, ki amsa da tsawo.

Allah Ya kiyaye ki a hanya da masauki, Ya buɗe miki ƙofar ilmi da waccan ƙofar, Ya ara wa Hajja kwana har ta yi wa wancan tari a waya. Allah Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke lafiya, Hauwa'u.

To, ga shi na rubuta. Kada Hajja ta ji.

Wassalam,
Abbanki.